Malinin ya wuce Hanyu, ko dai ɗoki ne ke ɗibar mu?

Dan_Nima441:
Salamu alaikum mutanen gida, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daren Asabar ɗin ƙarshen azumi. Ƙannena mata suna ɗaki ana zana musu lalle, ni kuwa ina tsakar gida da waya a hannu, ina bin gasar duniya ta zamiya a kan ƙanƙara da aka yi a Boston a 2025. Yaron nan Ilia Malinin ya sake ɗaukar kambun, karo na biyu a jere bayan na Montreal a 2024. Tsalle shida masu juyi huɗu ya yi cikin minti huɗu, duk ya dira a kan ƙafarsa, ya ɗora da alkafura ta baya. Makinsa 318.56. Mai bi masa, Mikhail Shaidorov na Kazakhstan, 287.47. Tazarar ta haura 31, a wasan da wani lokaci rabin maki ke raba mai zinare da mai azurfa. Shekarunsa 20 kacal a lokacin.

A ganina zancen wane ne gwanin gwanaye a maza ya ƙare. Na san akwai mutanen Yuzuru Hanyu na Japan a nan, ni ma dalilinsa na fara kallon wasan. Amma abin da Hanyu ya bi har ya gaji bai kama ba, wannan yaro yana yin sa kamar shan ruwa. Wanda yake da ja, bisimilla.

Yar_Fadama:
Wa alaikumus salam Yaya. Ina da ja, babba ma kuwa.

Ka ƙirga mini tsalle, to ni bari in ƙirga maka abin da ake ajiyewa a tarihi. Hanyu ya ci zinaren Olamfik a Sochi 2014 yana ɗan shekara 19, ya sake ci a PyeongChang 2018. Rabon da a ga namiji ya yi haka sau biyu a jere tun Dick Button na Amurka a 1948 da 1952. Malinin kuwa har zuwa 2025 ko ƙafa bai taɓa sawa a Olamfik ba. Ta yaya za a ce ya wuce shi?

Kuma ni ba lambar ce ta ɗaure ni ba. Ka koma ka kalli gajeren wasansa na 2018 (gasar kashi biyu ce, gajeren wasa sannan dogo), ka rufe makin da yatsa, ka dubi ƙafarsa kawai. Ba ka ganin lokacin da yake shirin tsalle. Yana cikin taku da lanƙwasa, kiɗa na tafiya, sai dai ka gan shi a sama, ya sauko ya ci gaba kamar ruwan da ya tsallake dutse. Malinin in zai yi babban tsallensa sai ya ratsa filin yana tara gudu, kowa ya san abin da ke tafe. Yana da ƙarfi, ban musa ba. Amma in ya gama hannuna ne ke tafi, Hanyu kuwa in ya gama sai in ji ƙwalla ta taru mini.

Direba_Madina:
Ni ɗan kallo ne, wani fasinja ya nuna mini a trotro muna jiran mota ta cika. Wannan Malinin ɗin ba ɗan Rasha ba ne? Sunan ya yi kama da nasu. Sannan mene ne abin da kuke cewa Hanyu ya bi bai kama ba?

Malam_Lissafi:
Direba, ɗan Amurka ne, a jihar Virginia aka haife shi a Disambar 2004. Inda ka yi kusa da gaskiya shi ne iyayensa. Tatiana Malinina da Roman Skorniakov a Rasha aka haife su, suka wakilci Uzbekistan a Olamfik, kuma su ne ke horar da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tambayarka ta biyu ita ce zuciyar maganar. Tsalle iri shida ne a wasan. Biyar daga ciki mutum yana tafiya da baya ne zai tashi, ya kuma dira da baya. Na shida, wanda ake kira Axel da sunan wani ɗan Norway, Axel Paulsen, da ya fara yin sa a 1882, da gaba ake tashi amma a dira da baya. Ka ga ke nan akwai ƙarin rabin juyi. In an ce Axel mai huɗu, juyi huɗu da rabi ne a iska, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a dira a ƙafa guda. Masu bin wasan suna kiran duk tsalle mai juyi huɗu "kwad". Kurt Browning na Kanada ne ya fara yin kwad da aka amince da shi a 1988, sauran nau'o'in suka biyo a hankali, Axel ya rage shi kaɗai. Hanyu ya gwada a Olamfik na Beijing 2022, juyin bai cika ba, ya faɗi. Bayan wata bakwai, a Satumbar 2022 a Lake Placid, Malinin ya yi shi yana ɗan shekara 17.

Abin da ke ba ni haushi a matsayina na mai koyar da lissafi shi ne farashin da aka sa masa. Axel mai uku maki 8 ne. Lutz mai huɗu, wanda maza da dama suna yi, 11.5. Axel mai huɗu 12.5 kawai, alhali kafin 2018 an rubuta masa 15. Maki ɗaya tal tsakanin abin da mutane da yawa ke iyawa da abin da mutum guda ke iyawa. Wannan ciniki bai yi adalci ba.

Alhaji_Tudu:
'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Jikana ya buɗe mini bidiyon na gani. Ƙarfin hali akwai, amma abin da ya tsaya mini shi ne namiji da riga mai ƙyalƙyali, yana karya hannu yana bin kiɗa. Mu da muka tashi da dambe da ƙwallo, idonmu bai saba ba. Wasan motsa jiki ne wannan ko rawa? In rawa ce, me ya kawo alƙalai da lambar zinare?

Tela_SabonZango:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ku ba ni dama in amsa ta ɓangaren sana'ata. Kun sha ganin takai na Dagomba a lokacin Damba. Manyan maza ne, magidanta, sun sha batakari mai faɗi, suna juyawa rigar na buɗewa kamar laima, sandunan ƙarfe na haɗuwa daidai da ganga. Babu wanda ya taɓa cewa ba mazantaka ba ce. Haka mahaya doki a hawan Sallah, ado har ya fi na amarya. Namiji da kwalliya da bin kiɗa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tufar ce kawai ta bambanta.

Ni rigunan nan su suka fara jawo ni. Na tsayar da bidiyon Hanyu na matso da hoton sosai ina duba ɗinkin. Yadin mai miƙewa ne, an yi ƙari a hammata don hannu ya ɗaga rigar ba ta tattare ba, kuma an kama ta daga ƙasa yadda duk juyin da zai yi ba za ta fita daga wando ba. Duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya ake kafa su. Dole su kafu da kyau, domin dokarsu ta ce in wani abu ya faɗo daga tufarka kan ƙanƙara za a cire maka maki ɗaya, daidai da wanda ya faɗi. Ni da na kwana uku ban runtsa ba kan ɗinkin Sallah, na san darajar hannun da ya yi wannan aiki. Dokar ta kuma wajabta wa maza dogon wando, kun ga ta nan babu tsiraici.

Kawu_Toronto:
Alhaji, ina gaisuwa, a gaishe mini da mutanen Tudu. Ni na taka ƙanƙarar da ƙafata, bari in ba ku labari.

Hunturuna na biyu a nan, 'yata ta matsa sai na kai ta filin da ke gaban ofishin magajin gari. Na yi hayar takalmin. Ƙarfen da ke ƙasansa kaurinsa bai wuce milimita huɗu ba, kuma ba shafaffe ba ne, akwai ɗan kwari a tsakiya, sai ya zama kaifi biyu, na ciki da na waje. A kan ɗaya daga cikinsu ake tafiya. Ni da na yi shekaru ina ɗaukar kaya a Agbogbloshie kafin in fita, na yarda da ƙafata. Ina tsayawa idon sawuna ya shiga rawa. Taku kaɗan ƙafafun suka wuce gaba suka bar ni, na tare da hannu, wuyan hannun ya gurɗe. Mako biyu ban je aiki ba. Ƙanƙarar nan tauri gare ta kamar daɓen siminti.

Ina zaune a gefe riƙe da hannu sai wani matashi ya wuce ta gabana. Ƙarar takalminsa kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Ya soka tsinin ƙarfen, ya tashi, ya juya sau biyu kawai, ya dira. Na ji dirar a bencin da nake kai. Juyi biyu ke nan. Tun ranar in na ga mai yin huɗu, gwiwata nake dafawa. Alhaji, abin da talabijin ke ɓoye muku shi ne gudun da ƙarar. Fuskar na murmushi ne, amma aikin da cinyoyin ke yi ko ɗan kokawa sai ya jinjina.

A garin nan ne ma Hanyu ya yi shekaru yana horo a hannun Brian Orser, tare da Javier Fernández na Sifen. Koci ɗaya, fili ɗaya, suka raba kambun duniya huɗu a jere tsakaninsu: Hanyu 2014, Fernández 2015 da 2016, Hanyu 2017.

Alhaji_Tudu:
Tela ya kama ni da zancen takai, wannan gaskiya ne. Kawu, Allah ya kiyaye gaba. Na yarda akwai wahala. Kiɗan dai har yanzu bai shige ni ba, amma ku ci gaba, ina saurare.

Baban_Ikram:
Ku biyun nan, Dan_Nima da Yar_Fadama, kun tsallake mutum a tsakiya kamar ba a yi shi ba. Ina Nathan Chen?

A 2018 ya je PyeongChang ana cewa shi ne zai kwance wa Hanyu zani a kasuwa. Gajeren wasa ya watse masa, ya tsinci kansa na 17. Washegari ya fito ya jera kwad shida, ya fi kowa maki a dogon wasa har da Hanyu, ya ƙare na biyar. Daga nan bai sake faɗuwa gasa ba sai Oktobar 2021. Ya ci duniya a 2018, 2019 da 2021. Ta 2019 a Saitama aka yi, a ƙasar su Hanyu, gaban mutanensa, Chen ya tashi da 323.42, Hanyu 300.97. A ƙarshen shekarar a Turin ya kafa 335.30, wanda ko Malinin da ya samu 333.76 a Montreal bai kai ba. Sannan ya koma Beijing 2022 ya ɗauki zinaren da ya kuɓuce masa. Wani ɓangare na wannan yana karatu a jami'ar Yale.

Ni wannan nake nuna wa yarana. Asamoah Gyan ya zubar da fanareti a 2010 muka kwana da kuka, amma mintuna kaɗan bayan haka shi ya fara fitowa bugun raba gardama, ya ci. Irin wannan zuciyar nake gani a Chen.

Yar_Fadama:
Baban Ikram, ban manta da Chen ba, kuma ya doke Hanyu a fili, ba zan ɓoye ba. Amma in zuciya ake magana, saurara.

A 2011 Hanyu yana kan ƙanƙara a garinsu Sendai girgizar ƙasa ta auku, ya fito a guje da takalmin a ƙafarsa, shi da iyalinsa suka kwana a sansanin 'yan gudun hijira. Yana da asma tun yana ƙarami. A 2014 a China ya yi karo da Yan Han wurin ɗumama jiki, aka naɗe masa kai da bandeji, ya fito ya yi wasan, ya faɗi sau biyar, kowane karo yana miƙewa. A Nuwambar 2017 ya ji rauni a idon sawun dama, bai sake shiga gasa ba sai Olamfik bayan wata uku, ya ci zinare da maganin kashe zafi a jikinsa.

Kuma Beijing da Yaya ke kira gazawa. Yana da shekara 27, da zinare biyu a aljihu. Zai iya yin abin da ya saba ya nemi lamba cikin kwanciyar hankali. Ya zaɓi ya gwada abin da ba a taɓa yi ba a gaban duniya, ya faɗi, ya ƙare na huɗu. Shi ya nuna wa na baya cewa ƙofar tana buɗuwa.

Nos_Ummi:
'Yar'uwa, labarin bandejin nan ni ba ya burge ni, tsoro yake ba ni. Mutumin da ya bugu a kai bai kamata a bar shi ya koma tsalle a ranar ba, ko da shi ya nace. A wurin aiki na ga matasa 'yan ƙwallo da aka ce su daure, daga baya abin ya zama babba.

Ku lura da wani abu. Yawancinsu a ƙafar dama suke dira, kullum ita ɗai, kuma nauyin da ke sauka a kanta ya ninka nauyin jiki sau da yawa. Ba a gasa kaɗai ba, a horo ma kowace rana. Idon sawu, gwiwa, ƙugu da gadon baya su ke biyan kuɗin. Evgeni Plushenko na Rasha an yi masa aiki a baya, a Sochi 2014 ya fito ɗumama jiki ya kasa, ya janye a gaban mutanen ƙasarsa. Shoma Uno ya ci duniya a 2022 da 2023, ya ajiye gasa a 2024 yana da shekara 26. Muna tafa wa kwad shida, gobe a nemi bakwai, jibi a ce juyi biyar. Yaran da ke kwaikwayo ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Wannan ne damuwata da zamanin Malinin.

Dan_Bukom:
Ni matsalata da duk wasan da alƙali ke ba da maki ita ce zuciyar alƙalin. Mu a Bukom har gobe ba mu huce da abin da aka yi wa Ike Quartey a Las Vegas a 1999 ba, da aka ɗaga hannun Oscar De La Hoya bayan turmi 12, alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya ba namu. A dambe ma kana da mafita, ka kwantar da mutum kowa ya huta. A wannan fa? Shi ya sa na fi karkata ga Dan_Nima. Juyi huɗu da rabi ana iya ƙirgawa a bidiyo. "Ya taɓa mini zuciya" ba a iya ƙirgawa, kuma a nan son rai ke shiga.

Malam_Lissafi:
Dan_Bukom, tsoronka ya taɓa tabbata. A Olamfik na Salt Lake City a 2002 an yi badaƙala a gasar 'yan bibbiyu, aka zargi alƙaliyar Faransa da karkata ga 'yan Rasha, har aka ƙare da ba 'yan Kanada zinare na biyu. Wannan ne ya kashe tsohon tsarin da ake ba da maki har zuwa 6.0. Tun 2004 kowane tsalle da kowane juyi na katantanwa yana da farashinsa a rubuce. Akwai kwamiti dabam da ke duba bidiyo ya ga ko juyin ya cika, ko an tashi a kan kaifin da ya dace. Alƙalai tara kuma su ƙara ko su rage, daga ragi biyar zuwa ƙari biyar, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta. Sai kashi na biyu, inda ake auna tsarin wasan, yadda aka gabatar da shi, da gwanintar sarrafa ƙafa a kan ƙanƙara.

A nan rigimar Yar_Fadama da Dan_Nima take. Kashi na biyu yana da rufi, a dogon wasan maza ba ya wuce 100. Kashi na tsalle ba shi da rufi, iya ƙarfinka iya makinka. Jason Brown na Amurka, wanda kusan kowa ya yarda babu mai kyan tafiya irin tasa, ya ƙare na shida a Beijing ba tare da kwad ba. A 2010 a Vancouver kuwa Evan Lysacek ya ci zinare babu kwad ko ɗaya, Plushenko da ya yi ya samu azurfa ya yi ta ƙorafi. Bayan nan aka ƙara wa kwad daraja. In kiɗa ya canja dole rawa ta canja, yaran yanzu abin da ke biya suke koya.

MaiTaya_Ashaiman:
Ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan. Ni takalmi mai taya nake hawa tun ina ɗan shekara 12, da na gwanjo na fara, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma, ina cusa tsumma. Ranar Lahadi da safe in hanya ta yi sauƙi muke fita. Na koyi tafiya da baya, na koyi juyi ɗaya a sama. Duk bidiyon da kuke magana a kai na sauke su, ina rage gudunsu ina kallon yadda suke harɗe ƙafa su matse hannu a ƙirji.

Gwanina ba ya cikin ukun da kuka ambata. Donovan Carrillo ne na Mexico. Filin garinsu ya rufe, ya koma León yana horo a ɗan ƙaramin filin ƙanƙara na cikin babban kanti, yana kauce wa yara da masu koyo. Da haka ya je Beijing 2022, ɗan ƙasarsu na farko a wasan cikin shekara 30, har ya kai dogon wasa. Na 22 ya zo, amma ni shi nake kallo in ji kamar da ni ake.

Mu ma mutanen Ghana ai mun taɓa leƙa Olamfik na hunturu. Kwame Nkrumah-Acheampong ya je Vancouver 2010 a zamiyar kan dusar ƙanƙara, Akwasi Frimpong da ya yi ƙuruciyarsa a Kumasi ya je 2018. Nairobi suna da filin ƙanƙara a cikin otal. Me zai hana Akra? Yaran da ke yawo da taya a Nima da Ashaiman, wallahi akwai masu baiwa.

Hajiya_Mamobi:
Ɗana MaiTaya, Allah ya cika maka burinka. Roƙona ɗaya, ka ja kunnen abokanka su daina kama bayan trotro suna bin ta a guje. Da idona na ga yaro ya kife a hanyar Kanda, Allah ne ya tsare motar baya ta taka birki. Ku nemi fili, ku sa hular kwano.

Direba_Madina:
Hajiya kin faɗi abin da ke raina. Ta madubi nake hango su gabana na faɗuwa.

Kawu_Toronto:
MaiTaya, filin ƙanƙara injin sanyi ne da ba a kashe shi dare da rana, da zafinmu da kuɗin wuta sai mai babban jari. Takalmin gasa ma dabam ake sayen sa, ƙarfen dabam, ga kuɗin koci da na hayar fili. Ko a nan iyaye suna kuka da tsadar. Amma kada ka raina tayarka, akwai gasar duniya ta irin wannan wasa a kan taya, da tsalle da juyi duka. In na tashi zuwa gida zan riƙo maka masu kyau, ka turo mini lambar ƙafarka ta akwatin sirri.

Sister_Kasoa:
Tunda an ambaci alkafura a farko, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa, ko da yake zancen maza ake. An haramta ta bayan Terry Kubicka ya yi a Olamfik na 1976. Surya Bonaly ta Faransa, baƙar fata irinmu, ta yi ta a Nagano 1998 ta dira a ƙafa ɗaya, ta san sarai za a rage mata maki. A 2024 Adam Siao Him Fa, shi ma na Faransa, iyayensa 'yan Mauritius, ya yi ta a gasar Turai aka cire masa maki, duk da haka ya ci. Ya maimaita a Montreal, inda ya taso daga na 19 ya ɗauki tagulla. A shekarar aka ɗage haramcin. Yau Malinin na yi ana ihu, babu ragi. Ina so in an tafa masa a tuna da matar da ta biya kuɗin abin.

Hajiya_Mamobi:
Ni a gasar Boston ɗin abin da ya fi zama mini a rai ba tsalle ba ne. Taron tunawa da waɗanda suka mutu ne. A ranar 29 ga Janairun 2025 jirgin da ya taso daga Wichita ya yi karo da jirgi mai saukar ungulu a Washington, mutum 67 suka rasu, 28 daga cikinsu 'yan wannan wasa ne, yara da iyayensu da masu horar da su. Akwai wani saurayi, Maxim Naumov, uwa da uba duk suna ciki, kuma su ne kocinsa. Na tuna da shi ranar Idi da na ga yara suna bin iyayensu masallaci.

Shi ma yaron Kazakhstan da ya zo na biyu, ƙasarsu ta taɓa yin gwani, Denis Ten, mai tagullar Sochi. Ɓarayin madubin mota suka daɓa masa wuƙa a Almaty a 2018, yana da shekara 25. Da na ga tutarsu ta sake hawa sai na ji daɗi har cikin raina.

Dan_Nima441:
Na karanta kowa. Baban Ikram, na karɓi gyara, 335.30 na Chen yana nan ba a taɓa ba, bai kamata in tsallake shi ba. Sister_Kasoa, na gode, sunan Bonaly ya shiga kaina.

Amma ƙanwata Yar_Fadama, ban sauka daga maganata ba. Kin ce ana ganin shirin tsallensa, to ki sake kallon Montreal. Na uku yake bayan gajeren wasa, a bayan Uno da Yuma Kagiyama, ya buɗe da Axel ɗin, ya tashi da 227.79 a dogon wasa kaɗai, ya zube a kan ƙanƙara yana riƙe da kai. Wannan ma ji ne, irin na ɗan shekara 19 da ya san ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Kudus in ya ɗauki ƙwallo ya ratsa mutum uku ba ma cewa ƙarfi ne kawai. Hanyu ma yana ɗan 19 a Sochi sau biyu ya faɗi a dogon wasa. Kyan da kike magana a kai da shekaru ya nuna. Ki ba yaron lokaci.

Yar_Fadama:
Yaya, ka ga yanzu ka dawo "a ba shi lokaci", ɗazu kuwa cewa ka yi zance ya ƙare. Lokacin na ba shi. Hanyu ya bar gasa a Yulin 2022, a Fabrairun 2023 ya tara mutum wajen 35,000 a Tokyo Dome, shi kaɗai a kan ƙanƙara, babu alƙali babu lamba. Ranar da mutane suka cika fili haka don su ga Malinin ko da ba zai yi Axel ba, ni da kaina zan zo Nima in ce ka yi gaskiya.

Baban_Ikram:
Olamfik ta Milan ce za ta yi magana a Fabrairun 2026. Olamfik ba ta san wanda ya fi kowa a takarda ba, Chen shaida ne. Patrick Chan ya je Sochi da kambun duniya uku a jere ya dawo da azurfa. Kuma kada ku cire ido daga Kagiyama. Azurfa gare shi tun Beijing, ubansa ne kocinsa kamar Malinin, kuma dirarsa ta fi ta kowa laushi, gwiwar kamar an sa mata mai.

Nos_Ummi:
Allah dai ya kai su lafiya da ƙafafunsu.

Alhaji_Tudu:
Amin. Tela, wane ne mai farar rigar nan da ka ce ka duba ɗinkinta? Jikana zai zo bayan Isha'i, ina so ya nemo mini shi in ga ƙafar da yarinyar nan ke ta yabo.

Tela_SabonZango:
Hanyu ne, Baba Alhaji. Ku ce masa ya rubuta sunan da 2018 a YouTube, dogon wasan. Ku sa ya kai muku wayar kusa, ku dubi hannun rigar lokacin da yake juyin ƙarshe.